Ya Mutu Ne Ko Ya Suma? Bayanan Aikin Ɗan Ƙamus na Kalmomin Ƙin Doka

13 ga Janairu, 2025

A nan zan riƙa ajiye bayanin inda aiki ya kwana. Aikin shi ne haɗa wa ɗakin labaranmu ɗan ƙamus na kalmomin da Turanci ke amfani da su idan an ƙi doka, ko an tare ta, ko an kashe ta, tare da yadda ya dace mu faɗe su a rediyo. Ba littafi nake nufin yi ba. 'Yan shafuka ne da mai fassara zai liƙa a gefen tebur, ya ɗaga ido ya duba saura minti goma a shiga labarai.

Abin da ya tayar da ni shi ne "yi watsi da" da ƙanwarta "yi fatali da" sun cinye mana komai. Shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu, an yi watsi. Kotu ta kori ƙara, an yi watsi. Ƙungiyar ɗalibai ta kira taron manema labarai, ita ma ta yi watsi. A ƙarshen Oktoban bara gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna suka ce ba su yarda da tsarin rabon kuɗin harajin VAT da ke cikin ƙudirorin gyaran haraji na Shugaba Tinubu ba. Jaridun Turanci suka ce *reject*, mu kuma muka ce sun yi fatali da ƙudirin. A ƙofar gidan da muke hira bayan isha'i, mutane ɗauka suka yi magana ta ƙare. Alhali gwamna ba shi da ƙuri'a ko ɗaya a Majalisar Tarayya, kuma ƙudirorin suna nan a gaban 'yan majalisa har yau ɗin nan. Ƙin da gwamnoni suka yi na siyasa ne, yana da nauyi ƙwarai, amma ba shi ne ƙin doka ba. Mai saurare ya cancanci ya san wanne ne a ciki.

27 ga Janairu

Labari ya kawo mini kalmar farko har gida. Ranar 20 ga wata Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ke neman hana 'ya'yan baƙin haure da na masu zaman wucin gadi zama 'yan ƙasa don kawai an haife su a Amurka. Bayan kwana uku wani alƙalin tarayya a Seattle, John Coughenour, ya taka masa birki. Kamfanonin dillancin labarai duk suka rubuta *blocks*. Yaron da ke kan fassara ya kawo mini takarda ɗauke da "alƙali ya soke umarnin Trump". Ba sokewa aka yi ba. Dakatarwa ce ta kwana 14 kafin a saurari hujjojin kowane ɓangare.

*Block* kalmar 'yan jarida ce, ba ta lauyoyi ba. Gajeriya ce, tana shiga kanun labari ba gardama, shi ya sa suke sonta. Wanda ya gan ta, dole ya gangara sakin layi na uku ko na huɗu ya nemo ainihin abin da ya faru.

Wannan ya sa na fasa jera kalmomin bisa tsarin abacada. Kowace kalma za ta amsa tambaya uku: wa ya ƙi, a wane mataki, kuma abin zai iya sake tashi? Ta ukun ce uwar sauran. Mai sauraren da ya kasa kunne yana son ya ji ko a shirya jana'iza ne ko a yayyafa ruwa.

10 ga Fabrairu

Mako biyu ke nan ina kan *veto* ita kaɗai. Asalinta Latin ce, ma'anarta "na hana", kuma ana danganta ta da wakilan talakawa na tsohuwar Roma da ke da ikon tsayar da matakin masu mulki. Abin mamaki, kalmar ba ta cikin kundin tsarin mulkin Amurka, ba ta kuma cikin yarjejeniyar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, wato wurare biyun da aka fi jin ta.

A Amurka shugaban ƙasa yana da kwana goma, ban da Lahadi. In ya mayar wa majalisa ƙudiri tare da dalilan ƙinsa, wannan ita ce *veto*. George Washington ya fara yin ta a 1792. In ya yi shiru alhali majalisa na zama, ƙudirin ya zama doka ko bai sa hannu ba. In kuma majalisa ta tashi kafin kwanakin su cika, shirun nasa ya kashe ƙudirin, kuma babu hanyar tsallake shi. Wannan ce suke kira *pocket veto*. Franklin Roosevelt ya ƙi ƙudirori 635 a mulkinsa, 263 daga ciki ta wannan hanya. Na ja layi a ƙarƙashin gargaɗi guda: kada kowa ya ce "ya sa ƙudirin a aljihu". A bakinmu, wanda ya sa majalisa a aljihu ya mallake ta ne, wanda ya sa kuɗi a aljihu kuwa an san abin da ya yi. Abin da na rubuta shi ne "ya bar ƙudirin ya mutu a teburinsa".

Najeriya ta aro tsarin amma ba duka ba. Sashe na 58 na kundin 1999 ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya bayyana ko ya amince ko bai amince ba. Harshen kundin shi ne *withhold assent*, jaridu kuma sun fi son *decline assent*. Shirun shugaban Najeriya ba ya mayar da ƙudiri doka, saɓanin Kenya inda in kwana 14 suka wuce bai sa hannu ba bai kuma mayar ba, an ɗauka ya amince. A nan Hausa ba ta da matsala: "ya ƙi sa hannu" ta wadatar, kuma kowa ya san ta tun 2018 da Buhari ya mayar da gyaran dokar zaɓe har sau huɗu. A Disamban 2021 ya sake mayar da ita saboda sashen da ya wajabta wa jam'iyyu zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe. Majalisa ta gyara, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022. Misalin da zan sa a ƙamus ke nan, domin ya nuna ƙin sa hannu sau da yawa ciniki ne, ba hukuncin kisa ba.

Ra'ayina, kuma na san za a ja da ni: kada mu ce shugaban ƙasa "ya hau kujerar na-ƙi". Mu bar wa Kwamitin Sulhu wannan kujera, domin a can ne in an hau ta magana ta ƙare. Shi shugaban ƙasa ana iya tsallake shi da ƙuri'ar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa, wato in an lissafa da kujeru duka, sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360. Wannan ce *override*. An yi wa Obasanjo ita a shekarar 2000 a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC. An yi wa Obama a 2016 a kan dokar da ta ba iyalan waɗanda harin 11 ga Satumba ya rutsa da su damar kai ƙarar Saudiyya, inda dattawan Amurka suka yi ƙuri'a 97 da 1. Na sa "majalisa ta tsallake shugaban ƙasa" don kanun labari, sai cikakken bayani a cikin labarin.

19 ga Fabrairu

*Table*. A Birtaniya, da Najeriya da ta gaji al'adar majalisarta, in an yi wa ƙudiri haka an gabatar da shi ne don a tattauna. A Amurka kuwa an jingine shi ne, galibi jinginar da ba a komawa. Kalma ɗaya, ma'ana biyu kishiyoyin juna. Ƙa'idar da na rubuta layi ɗaya ce: kafin ka fassara, duba daga wane birni labarin ya fito.

9 ga Maris

Azumi ya sauya mana lokutan aiki, don haka yanzu bayan tarawi nake zama kan ƙamus. Na gama sashen Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ban san jimlar da masu fassarar rediyo suka ƙera da ta kai "kujerar na-ƙi" daɗi ba. Tana nuna mutum zaune ya harɗe, ba ya ko buƙatar kawo hujja. Sai dai daɗinta ne ya sa ake hawa da ita inda ba ta isa ba. Kwamitin Sulhu yana da kujeru 15, biyar na dindindin: Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da China. Ƙudiri yana buƙatar ƙuri'a tara, kuma kada ɗaya daga cikin biyar ɗin ta ce a'a. To ga inda ake zamewa: "a'a" ɗin babbar ƙasa ba ta zama kujerar na-ƙi sai in da ma ƙudirin ya samu taran.

Na samu misalai biyu da kwana biyu kacal ya raba su, dukansu a kan Gaza. Ranar 16 ga Oktoban 2023 Rasha ta kawo ƙudiri, ya samu ƙuri'a biyar, ƙasashe huɗu suka ƙi, cikinsu har da Amurka da Birtaniya da Faransa, shida suka ƙaurace. Wannan faɗuwa ya yi, bai kai tara ba, ba wanda ya hau kujera. Ranar 18 Brazil ta kawo nata, ya samu 12, Birtaniya da Rasha suka ƙaurace, Amurka ita kaɗai ta ce a'a. Wannan ita ce kujerar na-ƙi. Na ɗora su gefe da gefe a shafi guda, ina ganin sun fi kowane dogon bayani.

Sai *abstain*. Ƙauracewa ba ta tare ƙudiri. A Maris na 2011 ƙudiri mai lamba 1973, wanda ya buɗe ƙofar kai wa Libiya hari ta sama, ya wuce da ƙuri'a goma. Rasha da China ƙauracewa suka yi, tare da Jamus da Brazil da Indiya. Najeriya na kwamitin a lokacin, kuma ta amince, ita da Afirka ta Kudu da Gabon. Duk wanda ke zaune a yankin Sahel ya ga abin da ya biyo baya. Babbar ƙasa in ta ƙaurace, ta bar ƙofa a buɗe ne da saninta, don haka kada a fassara shi da "ta ƙi amincewa".

Tarayyar Sobiyet ce ta fara hawa kujerar a Fabrairun 1946, a kan batun janye sojojin Birtaniya da Faransa daga Siriya da Lebanon. Birtaniya da Faransa kuwa rabonsu da ita tun 1989. Afirka, a matsayar Ezulwini da Tarayyar Afirka ta cimma a 2005, tana neman kujeru biyu na dindindin da cikakken wannan iko. Waɗannan na sa su a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, don mai gabatar da shirin sharhi.

21 ga Maris

Jiya majalisun tarayya biyu suka amince da dokar ta-ɓaci da Tinubu ya ayyana a Jihar Ribas ranar 18 ga wata, kuma da ƙuri'ar murya suka yi. Sashe na 305 na kundin tsarin mulki na neman kashi biyu bisa uku na dukan 'yan kowace majalisa. Yadda kunne ke ƙirga mutum 240 daga ihun "aye", wannan sai masu guduma. Amincewa ce ba ƙi ba, amma ta tuna mini cewa a zauren majalisa yawancin ƙudirori da murya ake kashe su, don haka na buɗe sashen kalmomin zaure.

*Negatived* ita ce kalmar da akawun majalisa ke rubutawa in masu "nay" sun rinjaya. Jaridu su ce *thrown out* ko *voted down*. Duka ukun "ƙudirin ya faɗi a ƙuri'a" ne. Babban misalinmu shi ne 16 ga Mayun 2006, ranar da Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta hana ƙudirin gyaran tsarin mulki tsallake karatu na biyu, tazarcen Obasanjo ya bi ruwa tare da duk sauran gyare-gyaren da aka ƙulle a ƙunshi ɗaya da shi.

*Stepped down* kuwa Turancin majalisarmu ne, kuma nan ake yawan yaudarar mai saurare. Ba a kaɗa ƙuri'a ba, an ɗage ne zuwa wani zama, wani lokaci don a ceci ƙudirin daga faɗuwa, wani lokaci don a binne shi ba tare da sunan kowa ya fito ba. "An jingine" ta dace, amma ina so mai fassara ya ƙara da cewa ba a yi ƙuri'a ba. *Withdrawn*, mai ƙudirin ne ya janye abinsa. *Rescind*, majalisa ce ta warware hukuncin da ita da kanta ta yanke, kamar yadda Majalisar Wakilai ta yi a Maris na 2022 a kan uku daga cikin ƙudirori biyar na mata, bayan mata sun yi ta zaman dirshan a ƙofar majalisa. *Lapse* kuma shi ne ƙudirin da wa'adin majalisa ya ƙare bai kammala tafiya ba. Sabuwar majalisa sai ta sake ɗauko shi.

3 ga Afrilu

An dawo daga hutun sallah, sai ga Sanata Cory Booker ya tsaya a zauren dattawan Amurka yana magana tun yammacin 31 ga Maris har yammacin 1 ga Afrilu, awa 25 da minti 5. Ya zarce Strom Thurmond, wanda a 1957 ya yi awa 24 da minti 18 yana ƙoƙarin tare dokar 'yancin baƙaƙen fata. Na Thurmond *filibuster* ce sosai, ko da yake dokar ta wuce duk da haka. Na Booker kuwa doguwar magana ce ta nuna adawa da gwamnatin Trump, ba wani ƙudiri takamaimai yake tarewa ba, shi ya sa kafafen da suka yi taka-tsantsan ba su kira ta da wannan suna ba.

Kalmar ta samo asali daga sunan 'yan fashin teku, ta bi ta Sifaniyanci ta shigo Turanci. Amma abin da ya fi damuna shi ne a yau ba a ma buƙatar doguwar magana. Dokar zauren dattawan ta ce sai sanatoci 60 cikin 100 sun yarda kafin a rufe muhawara, abin da suke kira *cloture*. An kafa dokar rufe muhawarar a 1917, aka sauko da adadin zuwa 60 a 1975. Saboda haka sanatoci 41 na iya riƙe ƙudiri ba tare da ɗayansu ya miƙe tsaye ba. In labari ya ce ƙudiri ya faɗi alhali ya samu ƙuri'a 55, mai saurare zai ɗauka mun yi kuskuren lissafi. Dole a ce "bai samu ƙuri'a 60 da ake buƙata kafin a rufe muhawara ba".

Ga kalmar kanta, "jan ƙafa" ta yi sanyi, tana nuna lalaci. "Cinye lokaci da surutu" ta dace da Thurmond kaɗai. A yanzu na bar "tare ƙudiri ta hanyar hana rufe muhawara". Doguwa ce, ba ta da daɗin baki, amma ba ta ƙarya.

Na so in cusa labarin tsohuwar majalisar Poland, inda daga 1652 ɗan majalisa ɗaya tak ke iya miƙewa ya ce bai yarda ba, zaman duka ya rushe har da dokokin da aka riga aka amince da su, sai a 1791 aka soke al'adar. Ba shi da gurbi a takardar gefen tebur, shi ya sa na sauke shi a nan.

26 ga Afrilu

Kalmomin kotu sun fi ƙarfina, sai na je wurin wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin tafinta a babbar kotu kafin ya yi ritaya. Na same shi a zaure, tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya, rediyo na ta ƙara a gefen buzu. Bayan gaisuwa na miƙa masa takardata. Ya kai ta dab da hanci, yana bin layi da farcen babban yatsa, sai ya tsaya cak.

"Yaro, wa ya ce maka *strike out* da *dismiss* abu ɗaya ne?"

"Baba, ai duka korar ƙara muke cewa."

"Ku a rediyo. Ni in na faɗa wa mai ƙara haka a gaban alƙali, na cuce shi." Ya ajiye takardar a cinya. "In an yi *strike out*, an cire ƙarar daga jerin shari'u ne, wataƙila lauyansa bai zo ba, ko takardunsa ba su cika ba, ko kotun ba ta da hurumi. Yana iya gyarawa ya dawo. In an yi *dismiss* bayan an saurari hujja, to ya sha kaye, sai dai ya ɗaukaka ƙara. Na farko ka ce an cire ƙarar. Na biyu ka ce an kore ta."

Muka wuce zuwa *set aside*. Ya ce babbar kotu ce ke ture hukuncin ta ƙasa da ita, ya kawo shari'ar zaɓen gwamnan Kano: kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta cire Abba Kabir Yusuf ranar 20 ga Satumban 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar ranar 17 ga Nuwamba, Kotun Ƙoli ta ture hukuncin nasu ranar 12 ga Janairun 2024. Duk tsawon watannin nan gwamna na ofis. Ya ce duk wanda ya karanta "kotu ta cire gwamna" bai ƙara da "yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma yana kan kujera har a gama" ba, rabin labari ya karanta, kuma a gari irin Kano rabin labari na iya jawo a rufe kasuwa.

*Quash* ya ce rushewa ce tun daga tushe, kamar ba a taɓa yi ba. Na kawo masa hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na 24 ga Satumban 2019 da ya rushe dakatar da majalisa da Boris Johnson ya yi, washegari 'yan majalisa suka koma zaure. Ya gyaɗa kai. *Strike down* kuma kotu ce ta ce doka ta saɓa wa tsarin mulki. Ya gargaɗe ni kada yara su rikita ta da *strike out* don kawai kansu ɗaya.

Da zan tashi na ce, "Baba, in na buga zan kawo maka."

"Ka kawo da manyan baƙaƙe," in ji shi.

8 ga Mayu

Sashen Birtaniya ya zo da sauƙi. Sarki na da ikon ƙin sa hannu a takarda, amma rabon da a yi hakan tun 1708, lokacin da Sarauniya Anne ta ƙi ƙudirin kafa rundunar sa-kai a Scotland. Majalisar dattawansu ta iyayen ƙasa kuma jinkirtawa kawai take iya yi: bayan ta ƙi kasafin kuɗin ministan kuɗi Lloyd George a 1909, dokar 1911 ta rage mata ƙarfi, ta 1949 ta sauko da jinkirin zuwa kimanin shekara guda, ƙudirin kuɗi kuwa wata ɗaya. Saboda haka in labari ya ce gwamnati ta sha *defeat* a wannan zaure, "ta gamu da cikas" za mu ce.

19 ga Mayu

Na raba daftari ga masu fassara ranar Asabar, na ba su tsofaffin labarai su gwada. Inda suka fi tuntuɓe shi ne "soke", wadda ita ma ta fara zama wata "watsi". *Repeal*, *annul* da *nullify* duk "soke" suka rubuta, kuma a gaskiya ba su yi laifi ba, kalmar ke nan. Gyaran da na kawo shi ne a riƙa fito da mai sokewar. *Repeal* aikin majalisa ne a kan dokar da ta riga ta fara aiki, kamar yadda majalisar dokokin Kano ta soke dokar masarautu ta 2019 ranar 23 ga Mayun 2024, ko yadda Amurka ta soke haramcin giya a 1933. *Nullify* galibi aikin kotu ne, irin na Kotun Ƙolin Kenya ƙarƙashin David Maraga da ta soke zaɓen shugaban ƙasa ranar 1 ga Satumban 2017 ta ce a sake. *Annul* kuwa a kunnen ɗan Najeriya suna ɗaya take kira: zaɓen 12 ga Yunin 1993 da gwamnatin Babangida ta soke.

Babbar editarmu ta karanta daftarin a tsaye, jaka a kafaɗa.

"Malam, wannan duk gaskiya ne. Amma labaran minti biyar gare ni. In kowace jimla sai ta yi bayanin tsarin mulki, labari nawa zan karanta?"

"Hajiya, ai kalma uku ko huɗu ce ƙarin."

"Kalma huɗu sau labari goma. Ka lissafa."

Tana da hujja. Mun tsaya a kan kowace kalma ta samu gida biyu: gajeriyar siga ta kanun labarai, da cikakkiya ta cikin labari. Abin da na ƙi sassautawa guda ne, ita ma ta yarda: ko a kanu, kada a yi amfani da "soke" ga abin da aka dakatar, kada kuma a ce "ƙudiri" ya zama "doka" kafin a sa masa hannu ko majalisa ta tsallake mai sa hannun.

11 ga Yuni

Daftarin ya ci jarrabawarsa ta farko ana jajibirin babbar sallah. Ranar 4 ga wata ƙasashe goma marasa kujerar dindindin suka kawo ƙudirin tsagaita wuta a Gaza, 14 suka amince, Amurka ta ce a'a. Yarinyar da ke aikin dare ta duba shafin, ta ga ƙudirin ya haura tara, ta rubuta kujerar na-ƙi, ta kuma ƙara layin da na sa a ƙasa: tun Afrilun 2022 akwai ƙa'idar da ta ce duk lokacin da aka hau kujerar, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya zai zauna a kan batun cikin kwana goma na aiki. Zaman ba ya warware ƙin, amma yana ba mai saurare abin da zai jira. Ban taɓa ko wasali a rubutunta ba.

Ta kuma kawo kalma biyu da babu su a daftari, *shelve* da *scrap*. Ta farko jinginewa ce ba ranar dawowa, ta biyu fasawa ce gaba ɗaya, kuma dukansu gwamnati ce ke yi wa shirinta da kanta. Sun shiga.

30 ga Yuni

Ranar Juma'a Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta taƙaita ikon alƙalan tarayya na dakatar da umarnin shugaban ƙasa a faɗin ƙasa baki ɗaya. Shari'ar ta taso ne daga batun 'yan ƙasa ta haihuwa, amma kotun ba ta ce komai a kan ko umarnin ya dace da tsarin mulki ba. Wannan ya tilasta mini ƙara tambaya a ƙarƙashin *injunction*, wato umarnin dakatarwa da kotu ke bayarwa: dakatarwar ta shafi kowa ne, ko waɗanda suka kai ƙara kaɗai? Shafin kotu ya cika ya tumbatsa, sai na raba shi biyu.

Abin da ya rage: wakilinmu da ke aiko da rahoto daga Maraɗi ya ce labaransa da Faransanci suke zuwa, yana son shafi nasa, kuma wannan sai an samu wanda ya san harshen kotunan Nijar ya zauna da ni. Har yanzu ba mu daidaita da Hajiya a kan gajeriyar sigar *filibuster* ba; ita tana son "tarnaƙi", ni ina ganin kalmar ta fi nuna cikas daga waje. Za mu gwada ta a labarai biyu ko uku mu ji abin da masu kiran waya za su fahimta. Mai buga takardu ya ce in ana son kwafi mai manyan baƙaƙe sai shafukan sun ƙaru, zan kai masa daftarin ranar Laraba ya faɗi kuɗinsa.